Akwatin da Ke Shan Ruwa

Akwatin ya shigo gidan Alhaji Abdussalamu ne a naɗe cikin darduma, kuma da Zalihatu ta yi tunani, da tun daga nan ta sha jinin jikinta. Mutumin da in ya sayo buhun shinkafa sai ya tara rabin unguwa su taya shi saukewa, don dai a gani, shi ne ranar ya shigo sumumu da abu a hammata. Ya wuce falo, ya wuce ɗakinsa, ya zarce ɗakinta ya turo ƙofa.

Abdussalamu ɗan kasuwa ne a Dogon Dutsi, batir da allon sola yake sayarwa a bakin babban titi. Ba ya rasa sahun farko a masallacin unguwa, kuma shi ne ya tsaya kai da fata sai da aka kori mai teburin sigari daga ƙofar masallacin. Abin da jama'a ba su sani ba shi ne, a Lome inda yake sarin kaya, abokan cinikinsa sun koya masa wata irin taba. Ba sigarin 'yan tasha ba ce, naɗaɗɗen ganye ce mai kaurin babban yatsa, wadda mutum ke zama ya yi ta zuƙa a hankali kamar ba shi da aikin yi. Zalihatu kaɗai ta sani, tunda ita ke wanke masa riguna.

Ya warware dardumar a kan gadonta. Akwati ne na katako mai sheƙi, bai fi a rungume shi da hannu ɗaya ba. Da ya ɗaga murfin sai wani ƙamshi ya tashi, ba na turare ba, na itacen da aka shimfiɗa a ciki. A jikin murfin akwai wani abu mai gilashi kamar agogo, da 'yar allura guda ɗaya kwance a gefe.

"Wanga ɗakin taba na," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Amma ba a sa mishi komi sai ya sha ruwa. Iccen ciki busasshe na. In an zuba taba yanzu, tsotse ta za shi yi, ta bushe ta farfashe."

"To, akwati ma yana jin ƙishi?" Zalihatu ta tambaya tana dariya.

"Ya hi ki jin ƙishi, Maman Salma."

Ya ciro kwalbar ruwan batir daga aljihu, irin tataccen ruwan nan da yake sayarwa a shago. Ya ce kada ta kuskura ta sa na rijiya ko na famfo, kanwar da ke ciki za ta toshe itacen. Za ta jiƙa sabon tsumma ta matse shi sosai, ta shafe cikin a hankali. Sannan ta zuba ruwan a ɗan kofi da guntun soso, ta ajiye a tsakiya, ta rufe. Kada rana ta gan shi, kada a riƙa buɗewa sai in za a ƙara ruwa. Ya ɗauki biro ya ɗiga alama a gilashin.

"Gobe ni ka tahiya Lome, can zan taho da tabar. In na komo in iske allura ta kai nan. Ɗakinki ya hi sanyi, ga randa, kuma samari ba su shigowa kamar nawa." Ya dube ta. "Ke kaɗai na yarda da ke."

Maganar nan ta yi mata daɗi, ba ƙarya. Ba ta son tabar, ta sha gaya masa, amma mace ce da ta san darajar a rufa wa mutum asiri. Mahaifiyarta tana nan da ranta a Kore Mairuwa, 'yar bori ce, kuma ba ƙarama ba. Zalihatu ta tashi ne da ƙarar goge da ƙwarya a kunnenta, ta bar gida ta yi karatu, ta sha wuya kafin bakin mutane ya daina cewa "ɗiyar mai bori" ya koma cewa "Malama". Yanzu ita ke koyar da matan aure a Islamiyyar unguwa bayan la'asar. Sunan nan shi ne dukiyarta, ba ta da wata. Don ta tsare shi ne ma take kai wa Inna ziyara kamar mai sata, kuma ba ta taɓa barin tsohuwar ta kwana a gidanta ba. Lokacin da dangin Abdussalamu suka ƙi auren, shi ya tsaya mata. To, mene ne ɗan akwati?

Ta share lungun bayan randa ta ajiye shi, ta lulluɓe da mayafi.

Bazara ce, irin wadda kwanon rufi ke ƙara da kansa tun hantsi. Itacen ya riƙa shan ruwa kamar raƙumi. In ta zuba da safe, washegari sai ta tarar soson ya bushe ƙamas, allura ta ɗan motsa ta koma. Abin ya zame mata wasa. Takan durƙusa a lungun ta ɗaga mayafin, ta leƙa gilashin tana cewa, "Sha, ɗan lele, sha ka ƙoshi, maigidanka na nan tahe."

Ana cikin haka Sahura, yayar Abdussalamu, ta zo daga Ɗan Kassari ganin likita saboda gwiwa. Aka yi mata shimfiɗa a ɗakin Zalihatu. Sahura ba muguwa ba ce, a faɗi gaskiya. Tsoro ne da ita, ga baki, kuma duk wanda ya haɗa waɗannan biyun ya ishi gari. Safiya ɗaya ta kwanta tana kallo, ta biyu ta kwanta tana kallo, a ta uku ta tashi zaune.

"Zali, mi kika ba ruwa can bayan randa?"

"Ajiya ta, Yaya."

"Ajiya mai shan ruwa? Kuma har da yi mata magana?"

Ta ja gwiwarta ta nufi lungun, ta kai hannu ga murfin. Zalihatu ta riƙe mata hannu, da ƙarfin da ya wuce wanda ta yi niyya.

"Don Allah, Yaya, kar ki buɗe. Ba a son a riƙa buɗe shi."

"Wane na ba ya so?"

Zalihatu ta kawar da kai, don mai akwatin yana Lome. Sahura ta dubi akwatin, ta dubi kwalbar da ba a yarda kowa ya sha ruwanta ba, ta dubi matar ƙanenta. Ranar ta kwashe shimfiɗarta ta koma rumfa, ta ce zafi ya yi mata yawa a ciki.

Layin asibiti doguwar hira ce gare shi. Kafin gwiwar Sahura ta ga likita, labari ya riga ya kai kasuwa. A wasu garuruwan da an yi dariya an wuce, amma a Arewa, ƙasar su Dogon Dutsi, ba a buƙatar a yi wa kowa bayani. Wa bai da kaka ko gwaggo da ta taɓa keɓe lungu a ɗaki, ta ajiye ƙwarya a rufe, tana zuba wa aljanar nan doguwa nono ko ruwa, tana hana yara taɓawa? Har waɗanda suka fi kowa ƙyamar abin sun fi kowa sanin kamanninsa. Aka ce ɗiyar mai bori ta karɓo gadon uwarta. Wasu suka ce dama can tana da shi, shi ya sa ta mallake Alhaji.

Aji ya fara raguwa. Wadda ke zama a gaba ta koma baya, ta baya ta daina zuwa. Wata ɗaliba da Zalihatu ta koya wa haɗa baƙi tun daga alif ta gan ta a hanya, ta tsallaka titi kamar ta ga mahaukacin kare. Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Ta shiga ɗaki ta kira mijinta a waya, ta gaya masa duka, tana kuka.

Can ya ce, "Ki yi shiru, kar ki ce ma kowa komi. Ina nan tahe, ni zan gyara."

"Kalma guda ta, Alhaji. Ka ce naka na, shi ke nan."

"Na ce miki ni zan gyara. Allura fa, ta hau?"

Ta share hawaye ta ce ta kusa. Ko a lokacin ba ta ji komai a tambayar ba.

Malam Abdurrahman, shugaban Islamiyyar, ya aiko cewa ta ɗan huta da koyarwa har maigidanta ya dawo. Mutum ne mai adalci, bai son yanke hukunci a kan jita-jita. Zalihatu ta ce to. Ta zauna a gida tana jira, kuma ba ta fasa ba akwatin ruwa ba, don amana amana ce. Da ta ga dama da ta jefa shi a masai ta ce ƙarya ake yi mata. Ba ta yi ba. Takan ce a ranta, ranar da Alhaji ya buɗe baki, kunya za ta kashe mutanen nan, ita kuwa za ta yafe musu ɗaya bayan ɗaya. Har ta shirya irin fuskar da za ta yi.

Ya dawo ranar wata Laraba. Bai shiga ɗakinta ba, ya ce gajiya. Washegari bayan la'asar aka zauna a falo: Malam Abdurrahman, da wani dattijon masallaci da ake kira Baba Iro, da Sahura a bakin ƙofa ta miƙe ƙafa. Aka ce Zalihatu ta kawo abin. Ta kawo shi da hannu biyu ta ajiye a tsakiyar tabarma.

Malam ya yi bisimilla ya ɗaga murfin. Ƙamshin ya cika falon. Ba komai a ciki sai ɗan kofi da jiƙaƙƙen soso. Zalihatu ta saci kallon gilashin, ta ga allura tsaye cak a kan ɗigon biro, har ta ji wani ɗan alfahari na wauta. Ta dubi mijinta don ya gani. Shi yatsun ƙafarsa yake kallo.

"Kun gani ko?" in ji Sahura. "Ba komi ciki, amma kullum sai ruwan ya ƙare. Wa ka shan shi?"

"Ki dakata, Hajiya," in ji Malam. Ya juya. "Alhaji, gidanka na. Ka san wanga akwati?"

Abdussalamu ya gyara zama. Ya shafa gemu. Ya dubi akwatin kamar yadda mutum ke duban baƙon da ya shigo masa gida ba sallama.

"Ban taɓa ganinai ba, Malam."

Zalihatu ta ɗauka kunnenta ne. Ta ce, "Alhaji?"

"Kun san ni matahiyi na," ya ci gaba, bai dube ta ba. "Abin da ke cikin ɗakin mata, ba duka miji ka sani ba."

Sai ta ji falon ya yi mata nisa. Ta daure ta ce, "Malam, akwatin taba na. Ana jiƙa iccen don kar taba ta bushe. Ba wani abu ba na."

Baba Iro ya kaɗa kai, irin na wanda ya ga jiya. "Taba kuma? To ai magana ta hito. Mu da munka tashi cikin abin nan mun sani, Babule in sun hau mutum taba suka fara nema." Babule su ne iskokin nan masu shigar soja, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gefen filin bori ya ga dokinsu, wato wanda suka hau, da taba a baki. Gaskiyar da ta faɗa sai ta zama shaida a kanta.

"Tabar ta wa ce, Malama?" Malam ya tambaya a hankali.

Ta dubi mutumin da ta haifa wa 'ya'ya, ta ba shi lokaci. Sannan ta ce, "Tashi ta, ta Alhaji."

Da ya yi faɗa, da ya daka mata tsawa, da da sauƙi. Abdussalamu sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," cikin taushin murya, kamar mai tausayin marar lafiya. Sahura ta fashe da kuka, tana cewa a dubi abin da aka mayar da ƙanenta, mutumin da ya kori mai sigari daga ƙofar masallaci. Malam Abdurrahman ya rufe akwatin. Ba wanda ya ƙara tambayar Zalihatu komai.

Aka ce ta tuba, Allah mai gafara ne. Za a turo mata masu ruƙiyya. Maganar koyarwa kuwa a bar ta tukuna, kuma kowa ya san abin da "tukuna" ke nufi. Akwatin kuma a ƙone shi. Abdussalamu ya miƙe ya ce shi zai kai shi bayan dutse ya ƙone da hannunsa, tunda a gidansa ɓarnar ta faru. Ya naɗe shi a cikin dardumar nan dai da ya shigo da shi. Baba Iro ya yi ta sa masa albarka har ƙofar gida.

Kwanakin da suka biyo baya Zalihatu ba ta san yadda suka wuce ba. An zo an yi mata karatu a ka, ta zauna kamar dutse, masu karatun suka ce taurin abin ne. Sahura ta koma Ɗan Kassari da sabon labari. Abdussalamu yana fita tun da asuba, ya dawo ya ci abinci a ɗakinsa. Sau ɗaya suka yi kiciɓis a tsakar gida, ya tambaye ta ko akwai sauran yaji.

Ran nan da azahar ta zuba tuwo a kwano, ta sa hijabi ta nufi shago da kanta. So take ta ga idonsa a inda ba zai ce gajiya ba. Gaban shagon ba kowa, ƙofar ɗakin ajiya na baya kuwa a sakaye. Tun kafin ta tura ta ji ƙamshin.

Yana durƙushe a tsakanin kwalayen batir, akwatin a buɗe a gabansa. An jera tabar a ciki reras, kowace da ɗan zobenta na takarda. Ya zabura, sannan da ya ga ita ce sai ya sauke ajiyar zuciya. Wannan ajiyar zuciyar ba za ta taɓa mantawa da ita ba.

"Maman Salma, rufo ƙofa. Zauna, don Allah, ki saurare ni." Ya yi ƙasa da murya, irin ta ranar farko. "Kin san matsayina. In na ce nawa na, na ƙare, shago ma ya ƙare, mi za mu ci? Ke mace ta, cikin gida kike. Mutane mantuwa gare su, kahin damina an wuce wurin."

Ba ta zauna ba. Ta tsaya da kwanon a hannu tana kallon tabar. Ta ga ko ta sunkuci akwatin nan ta kai tsakiyar kasuwa ta zazzage, cewa za a yi ga abincin Babule ya fito fili. Bakinsa kaɗai ne zai wanke ta, kuma ya riga ya yi amfani da shi.

Da ya ga ba ta yi ihu ba sai ya ɗauka ta sauko. Ya matso da akwatin, har da ɗan murmushi.

"Wallahi kin iya, iccen ya sha ruwa yadda aka so. Amma nan zahi ya yi yawa, dubi allura, tun shekaranjiya take sauka. Na zuba ruwa, ban san ko na cika ba. Ɗan duba mini, ke kin san halinai."

Ya miƙo mata kwalbar.

Zalihatu ta sunkuya ta ajiye kwanon tuwon a kan kwali, ta gyara masa murfi don ƙuda. Ta dubi akwatin, ta dubi mijinta, wannan karon har cikin ido.

"Wane akwati, Alhaji?" ta ce. "Ban taɓa ganinai ba."

Ta fito ta bar shi da kwalba a hannu.

Ba ta koma gida ba sai da ta biya makarantar su Salma ta ɗauko yaranta, ta haɗa 'yan kaya a jaka guda. A tasha wasu mata biyu suka gan ta suka haɗa kai, ɗaya ta ja ɗanta jikinta. Ta ji sunan da ta yi shekaru tana gudu, an faɗe shi a bayanta ba a ko rage murya ba. Mai lodi ya tambaye ta ina ta nufa.

"Kore Mairuwa," ta ce, yadda matan za su ji. "Wurin innata."

A mota Salma ta tambaye ta ko kwana za su yi a gidan kaka, tunda ba su taɓa yi ba. Zalihatu ta buɗe baki za ta amsa, sai kukan da ta riƙe tun ranar falo ya ƙwace mata. Tsohuwar nan ba ta taɓa cewa ba ta san ta ba, ko sau ɗaya.